Zoben da Yaya Ni'mat ta ƙi

Dar Salam, Omdurman

Zuwa ga 'yata Hadil, a Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Abdulganiyu da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri. Mu nan alhamdulillah. Wanki Hamuda ya koma aikin walda a Alshajara, matarsa Wafa tana fama da mu tsofaffi biyu, Allah ya biya ta. Na rubuto ne domin maganar ba ta waya ba ce. Ke kin san wayarmu, duk layin ke saurare.

Maganar mahaifiyarki ce, Yaya Ni'mat. Mahaifarta ta zazzago, har tana leƙowa waje in ta miƙe tsaye. Ashe ta daɗe da abin, tana ɗaure shi da tsumma a ƙarƙashin tob ɗin da take yafawa, mu muna cewa tsufa ne ya hana ta fita. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya ban sani ba, sai da na lura ta daina shan ruwa don kada fitsari ya matsa mata. A zafin Omdurman! Maƙwabta suka ce a yi mata duhan, muka zaunar da ita kan ramin hayaƙi kamar amarya. Ta fito tana ƙamshi, mahaifa tana inda take.

Da ƙyar muka sa ta a raksha mai ƙafa uku zuwa asibiti. Diktorar yarinya ce mai hankali, ta kira ta Haboba kamar kakarta, ta rufe labule. Ta ce a shekarunta da zuciyarta tiyata kasada ce, amma akwai zoben roba da ake sawa ya tokare mahaifar, a riƙa zuwa ana cirewa ana wankewa. Ta ce da shi za ta yi tafiya, ta sha ruwa, ta yi sujada. Yaya ta juya zoben a hannu kamar mai tayin awarwaro a kasuwa, ta mayar, ta ce a kai ta gida.

Na ɗauka tsoro take kada zoben ya ɓata mata alwala. Na aika Hamuda wurin liman, ya tafi yana gumi don kunya, ya dawo da cewa babu laifi. Yaya ta ce ita ba ta tambayi liman ba. Sai da na yi fushi na ƙi shan gahawar jabana da ita sannan ta faɗa mini. Kin san ita ta yi wa matan unguwar nan wankan gawa tun kina goye. Ta ce ta san abin da hannu ke tararwa, ta kuma san bakin masu zuba ruwa, kafin a kai makara maƙabarta labari ya kai har unguwar Hajj Yusuf. Ba za ta yi shekara casa'in da mutuncinta ba, a ƙarshe a ce an sami roba a jikin Ni'mat.

Na ce to ni zan wanke ta, in cire kafin kowa ya shigo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da wannan tarin nawa ita za ta wanke ni. Na ce Wafa. Ta ce suruka ba ta ganin wannan. Hadil, wallahi na gaji. Jiya ta zame a bakin angarib, gadonta na igiya, saboda jiri, leɓɓanta sun bushe, kuma har yanzu kofi ɗaya na ruwa take kurɓa a wuni.

Yau da safe ta ce za ta sa zoben in ke ce za ki wanke ta. Ni da ke mun san ba a ajiye gawa a jira mutumin Jidda. Ita ma ta sani, ta fi mu sani. Saboda haka kada ki aiko da alkawari, kada ki aiko da magani. Ki nemi izinin Abdulganiyu ki taho ki zauna.

Ki gaishe shi, ki shafa mini kan Hanan da Tariq. Hamuda da Wafa suna gaisuwa. Yaya ba ta ce in gaishe ki ba. Ta ce in tambaye ki wace rana, don ta san yaushe za ta fara shan ruwa.

Innarki,
Laraba