Saura Shago Huɗu

Yaya, ina gaishe ka da kyau. Ya jikin Inna? Ya yara?

Ni lafiya lau, gyaran waya yana tafiya. Sai dai hukuma ta fito da sabuwar doka: kowane shago ya manna wata takarda a ƙofa, ma'aikata su haska ta da na'ura. Baƙo kuwa ba a ba shi takardar.

Daga bakin layinmu suka fara, shago biyu kullum. Jiya suka garƙame na mai aski, baƙo irina. Yana dariya ya ce mini, "Maƙwabci, daga yau sai ka tara suma."

Saura shago huɗu su iso kaina. Kada Inna ta ji. Ɗakina da ka ce za ka zuba buhuna, dakata tukuna.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka.