Yaya Desmond Ya Fara Mantuwa

Zuwa ga ƙanena Clifford,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Noreen da yara kuna lafiya a can Brisbane. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan Castleford sai godiya, ruwan sama dai ya ƙi ɗaukewa, gwiwata kuma tana nan da halinta.

Clifford, maganar Yaya Desmond ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna zamanin da yake buga wa garinmu ƙwallon zari-ruga? A maka shi da ƙasa ya suma, a rugo da bokiti da soso a kwara masa ruwan sanyi, ya miƙe yana tangaɗi ya koma. Mu kuwa sai tafi, Baba yana bugun ƙirji wai ɗansa ba ya barin fili. Da ya yi karatu ya dawo likitan ƙungiyar, shi ya hana wannan. Duk wanda ya bugu a ka sai ya riƙe haɓarsa, ya leƙa idanunsa, ya tambaye shi a wane fili ake, wa ya ci na ƙarshe. In ya yi inda-inda, to waje.

Haka ya yi wa ɗana Gareth bara a wasan ƙarshe, ga manyan ƙungiyoyi sun turo mutane kallonsa. Gareth ya ce kawunsa ya toshe masa hanyar ci gaba, ya rantse ba zai ƙara taka gidansa ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ina! Taurin kai irin na Baba.

To yanzu Yaya ya ajiye aiki. Tun hunturu ya fara mantuwa. Ya fita sayen kifi da dankali, aka tsince shi a ƙofar tsohuwar mahaƙar kwal, wai yana jiran Baba ya tashi aiki. A asibiti suka yi masa tambayoyi irin waɗanda yake yi wa 'yan wasa, matarsa Hilary ta ce sai ya juyo yana kallonta yana murmushi, ya kasa. Likitocin sun ce bugun da ya sha a ka lokacin wasa ne. Na yi kuka har na gaji.

Ran Lahadi da ƙyar na ja Gareth muka je. Yaya bai gane shi ba. Amma ya taso ya riƙe haɓarsa, ya leƙa idanunsa, ya ce wa Hilary kada a bar yaron nan ya koma fili, yana da uwa. Ƙaton nan ya zube a gabansa yana neman gafara, Yaya yana bubbuga kafaɗarsa yana cewa kada ya damu, mako mai zuwa zai buga.

Sunanka dai har yanzu yana bakinsa, jiya ma ya tambaya ko ka dawo daga makaranta. Kada ka ce mini sai Kirsimeti, Clifford. Ka zo tun yana iya gane fuskarka.

Hilary da Gareth suna gaishe ku. Ka gaida Noreen, ka shafa mini kan auta.

Yayarka,
Glenys