Goyon Cikin Hansai

Peckham, Yuni 1993

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafa? Da kunnenka yana ɗaukar tarho da na faɗa maka da baki.

Baba, ina da ciki wata shida. Kada ka yaga takardar. Ba nawa ba ne, na ƙanwata Hansai ne da mijinta. Likitoci suka haɗa ƙwansu suka dasa a mahaifata. Ka san ɓarinta huɗu, babu wanda ya wuce wata biyar. To, wannan ya wuce! Jiya da aka yi scan, wato hoton ciki, Hansai ta zube a ƙasa tana kuka tana dariya, har nas ta kawo mata ruwa, ni mai cikin aka manta da ni.

Ƙwannafi ya dame ni, zobena ya daina shiga, kuma ba abin da nake so sai gauta mai ɗaci. Hansai ta gama zaga shagunan titin Rye Lane saboda ita.

A wurin Hansai ɗan fari ne. Da Mama na raye, wata na bakwai gida za a kawo shi goyon ciki. Kai ka rage mana. Ka buɗe mana ɗakin Mama.

'Yarka,
Tabitha

Dagenham, Yuni 1993

Uwar Luba,

Na sami takardarki. Ƙafa tana nan yadda aka bar ta.

Na zo ƙasar nan karatun lauya, na ƙare ina ɗaura ƙofofin mota har injuna suka cinye mini kunne. Na san yadda mutanen nan suke aron mutum su maido shi da saura. Yanzu cikinki aka ara. Mijinki shekara uku a kabari, ki fito da ciki, me za ki ce wa Luba da 'yan coci? Kuma ɗan da aka dama a kwalba, jikan wa zan kira shi?

Ɗakin uwarku cike yake da littattafaina. Ranar Lahadi zan zo cocinku, in ga mijin Hansai ido da ido.

Allah ya shirye ku.
Ephraim

Peckham, Yuli 1993

Baba,

Da fatan ka isa gida lafiya. Tunda ba ka ji abin da aka ce a coci ba, bari in rubuta maka, don na ga kana bin bakunan mutane da ido.

Matar nan mai jan ɗankwali, da ta tare ni a ƙofa, cewa ta yi, "Sister Tabitha, barka! Ashe matattu na dawowa hutu?" Shi ne dariyar da ka gani.

Da na koma ciki na tsaya gaban jama'a, ga abin da na ce: "Ku duba da kyau, na gaji da ɗaure cikin nan. Ɗan Hansai ne. Ta ba ni ajiya, kuma zan mayar mata da ranta da lafiyata. Wanda ya taɓa goya ɗan 'yar'uwarsa a baya, ni na goya a gaba." Luba ce ta fara tafi. Ta sani tun farko, Baba, ita ke shafa mini mai a ƙafa.

A gidana kuma, bayan coci, wallahi ba da gangan ba ne. Na saba ɗora kofin shayi a kan cikin. Kana cikin yi wa mijin Hansai faɗa, muryarka har bene na ƙasa, yaron ya yi harbin da bai taɓa yi ba, har kofin ya kife. Na ga yadda shayin ya ɓata maka kwat ɗin da ka zo da shi ƙasar nan. Ka daɗe kana kallon zanina yana motsi, sannan ka ɗauki sanda ka fita.

Wata na bakwai ya kusa. Mu zo, ko kada mu zo?

'Yarka,
Tabitha

Dagenham, Yuli 1993

Uwar Luba,

Gaisuwa. Tabon bai fita ba.

Ki gaya wa wancan mara kunyar na gane shi. Baƙo ba ya yi wa tsoho haka, sai jika. Tun bai ga rana ba ya tsokani kakansa, to ya fito mu gwada, ragon banza mai hawa bayan uwa biyu.

Na kwashe littattafan zuwa ƙarƙashin bene, dama ba su tsinana mini komai ba. Gado ɗaya ne, ke za ki hau, Hansai ta yi shimfiɗa a ƙasa. Ku taho da gautarku, a nan babu.

Ku zo ranar Asabar. Ku buga ƙofa da ƙarfi. Ko ku bari, ina bakin taga.

Babanku,
Ephraim