Kada Baba Ya Zo Kallo

Zuwa ga Yaya Aune,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baba kuna lafiya. Bayan haka, wannan tsakaninmu ce, kada ki karanta masa.

Tun wasanmu na farko na hokin ƙanƙara koci bai sake sa ni ba. Na ga hanya a buɗe, na bar wurina na tsaron baya na tafi neman ci, aka ƙwace faifan da muke bugawa, kafin in juyo an zura mana. Sau biyu na yi haka. A gaban kowa ya ce ɗan baya jami'a ta ɗauko daga garinmu Eveleth, ba ɗan wasan kwaikwayo ba. Yanzu ko rigar hoki ba na sawa ranar wasa, a sama nake zama cikin 'yan kallo, da lakataye a wuya.

Na rubuta wa Baba cewa ina bugawa. Don Allah ki san yadda za ki hana shi zuwa.

Ƙanenki,
Reino

*

Reino,

Muna lafiya, tunda ka tambaya a layi ɗaya.

Ka san aikin da ka ɗora mini? Makon farko na ce an rufe hanya saboda ƙanƙara. Na biyu na ce motar tana wani ƙara. Ya kwana biyu a ƙarƙashinta cikin sanyin nan, da ciwon bayan nan nasa, yana neman abin da babu. Ranar Lahadi ya tsare fasto a ƙofar coci yana ba shi labarin yadda kake tare manyan ƙarti. Abokansa na mahaƙar ma'adinai har sun fara maganar ɗaukar bas su zo gaba ɗaya.

Kuma koci ya yi gaskiya. Tun kana ƙarami a kan daskararren tafkin da ke bayan gidanmu kake barina ni kaɗai a raga. Ni dai na gaji. Ka faɗa masa da bakinka.

Ga burodin pulla nan, ba don ka cancanta ba.

Yayarka,
Aune

*

Yaya,

Na gode da burodin, ɗan ɗakinmu ya cinye rabi.

Ke ma kin koma bayan koci ke nan. Ba ki ga ƙafafuna ba, duk sun yi shuɗi saboda tare faifai a atisaye. Ni nake fara shiga fili, ni nake fita ƙarshe. Jiya na tambaye shi yaushe zai sa ni, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ranar da na daina jin tsoro in na ga ka ɗaga kai kana neman hanya."

Na yanke shawara. In aka yi hutun Kirsimeti zan kwaso kayana. A nema mini aiki a mahaƙa. Sai mu ce wa Baba gwiwa ce ta samu matsala.

Naki,
Reino

*

Reino,

"Mu" ce? Kai da wa? Ba zan sake yin ƙarya ko ɗaya saboda kai ba.

Ranar Asabar na tashi na tarar ba mota, ba Baba. Bai dawo ba sai washegari. Na tambaye shi inda ya je, ya ce in ba shi takarda da biro. Ka san rabonsa da rubuta wasiƙa tun rasuwar Mama. Tana cikin ambulan ɗin nan, ban karanta ba.

Aune

*

Reino,

Ina gaishe ka. Na zo ranar Asabar. Na gan ka a sama da lakataye, kana cin gyaɗa. Ban yi maka magana ba don raina a ɓace yake, ba kuma don an ajiye ka ba. Tun watan jiya na sani, rediyo yana karanta sunayen masu wasa, ni ba kurma ba ne. Jira nake ka faɗa.

Babu aiki a mahaƙa. Ko akwai ma, babu naka. Ka ba yayarka haƙuri.

Na kalli mai lamba huɗu da ke wurinka. Bai fi ka gudu ba, amma yana tsayawa inda aka ajiye shi.

Zan dawo Asabar mai zuwa. Ko kana wasa ko ba ka yi, duk ɗaya. In ba ka yi, ka riƙe mini kujerar da ke kusa da taka.

Babanka,
Arvo Kangas