Baƙuwar Malama Ta Ɗauki Kwanon 'Yata

Anti, ki taimake ni da shawara, zuciyata ta kai inda ni kaina ba na gane ta. Ban yi nisa a karatu ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ni ce mai dafa abinci a wata makarantar firamare. 'Yata ta fari ta koyar a nan, a aji uku, har Allah ya karɓi abinsa bara wajen haihuwa. Ajinta yana kallon tagar kicin ɗina. Da ina yanka albasa ina jin muryarta tana jan yara karatu.

Farkon zangon nan aka kawo wata yarinya daga ƙasar waje, ɗaliba mai koyon aikin koyarwa, aka ba ta ajin. Ta sauke zanen da 'yata ta yi da hannunta, ta liƙa nata. Ta juya kujerun yara. Yanzu waƙarta nake ji ta tagar, da harshenta da ba ya fita sosai, yaran kuma suna bin ta kamar ba su taɓa yin wata malama ba.

A makarantarmu kowane malami da kwanonsa da ya kawo daga gida, suna jere a kan kanta. Na 'yata mai bakin shuɗi ne, kullum sai na wanke shi na kife. Ranar farko yarinyar nan ta shigo tana washe baki, ta ɗauko shi ta miƙo mini. Malamai suka sunkuyar da kai. Na zuba mata.

Tun daga ranar ƙanzon tukunya nake kankaro mata, in zabga barkono da gishiri kafin ta iso. Sai ta cinye tas, ido na hawaye, hanci na yoyo, ta ce mini wai "Mama, na gode." Wa ya haife ta da za ta kira ni Mama? Har hoton kwanon take ɗauka tana aika wa 'yan gidansu, wai abincin ƙasar nan wuta ne amma tana sabawa. Ta rame. Jiya na ga ta dafe ciki a bakin aji, na kau da kai.

Ina so in je wajen hedimasta in ce ya cire ta daga ajin. Yana jin nauyina, zai yi. An ce in aka cire ta a tsakiyar zango sai ta koma gida babu sakamako, ta maimaita shekara. Ta maimaita mana, ita ai tana da shekarun maimaitawa. Maigidana ya ce in ji tsoron Allah, ƙanwata ta ce ina da gaskiya. Ke me kika gani?

Mai girkin makaranta

Yaya, Allah ya jiƙan 'yarki, ya ba ki haƙurin rashinta.

An yi miki laifi, ba zan ɓoye ba. Amma masu laifin su ne waɗanda suka sunkuyar da kai. Hedimasta ya san inda tagarki take kallo, ya kamata ya zauna da ke kafin baƙuwar ta iso. Malamai sun san kwanon, ɗayansu ya isa ya ja ta gefe ya gaya mata. Sun yi shiru, suka bar ki da wuta a zuci, suka bar ta tana taka ki ba ta sani ba.

Ita kuwa yarinyar, me ta sani? An nuna mata aji ta shiga, ta ga kwano a kife ta ɗauka. Tana cinye abin da ya fi ƙarfin cikinta ne don kada ta raina girkinki. Ita ma tana da uwa a can, tana kallon hotunan nan tana jin daɗi an samu mai ciyar mata da 'ya. Barkonon nan ki daina shi daga gobe. Ciwo ne kike zuba mata, kuma amanar abincin makaranta a hannunki take.

Kada ki je wajen hedimasta da wannan buƙata. In an cire ta wata za a kawo, ita ma da muryarta da zanenta, ke kuma ki kwana da haƙƙin shekarar 'yar mutane. Ki ɗauke kwanon ki kai gida, naki ne. Ki samo mata wani, ki gaya mata da bakinki ko na wane ne na farko. Ki kuma tambaye ta inda ta ajiye zanen, ki karɓa.

In kun zauna, ki tambaye ta abin da yaran suke faɗa game da tsohuwar malamarsu. Yara ba sa iya ɓoye irin wannan, kuma ita ce take cikinsu duk wuni. Wataƙila akwai labaran 'yarki a bakinta da ke ba ki taɓa ji ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa ku rabu lafiya.