Kujera Ɗaya, Talla Huɗu

Gwange, Maiduguri
Talata, 4 ga Maris

Maman Bintu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Bintu da Hajiya, kuma azumi da karatun jinya ba su haɗu sun yi miki yawa a Kanon ba. Ni lafiyata ƙalau.

Alƙaluman da na shekara biyu ina nuna wa ɗalibaina ba daidai ba ne. Jiya na gano.

Kin san littafina mai baƙin bango. Tun da na bar aikin jarida na zama mai ba ɗalibai shawarar zaɓen sana'a a makarantarmu ta Galtimari, duk tallan aikin da ya fito a garin nan, a jarida ko a bangon ofis ko a waya, sai na rubuta shi a ciki. Ƙarshen zango in haɗa jadawali in manna a allon sanarwa. Na bara ya nuna gurabe ɗari da sittin a ƙungiyoyin agaji, ga waɗanda suka karanci kula da walwalar jama'a. Kiwon kifi kuwa, gurabe uku.

Jiya Manasse, abokina na sakandare, ya leƙo ofis. Shi ne mai ɗaukar ma'aikata a wata ƙungiyar agaji kafin a sallame su watan jiya. Ya buɗe littafin, ya yi ta dariya har ya lura ni ba na yi. Ya ce yawancin kwantiragin nasu na wata uku ne, kuma ƙa'ida ce a sake tallata kujerar duk lokacin da ya ƙare, mai ita ya nema ya koma. Ashe kujera ɗaya nake ƙirgawa sau huɗu a shekara, kuma da mutum a kanta. Ya ce su masu kifi wa ya taɓa ganin sun buga talla?

Da labari ne na kai wa edita, da ya tambaye ni ina majiya ta biyu. A nan ba mai tambayata komai.

Dorothy Dzarma ce damuwata. 'Yar ajin ƙarshe ce, ɓangaren kimiyya, kuma kiwon kifi take so ta karanta, don tun tana ƙarama take aiki a kududdufan tarwaɗa na gwaggonta Rebeka. Ni na zaunar da ita gaban jadawalin har ta sauya. A rajistar jarrabawar shiga jami'a ta cire ilimin sinadarai ta sa darasin gwamnati. Ranar Juma'a za a rufe gyaran darussa. Idan ta wuce, sai baɗi.

Yau ma ni kaɗai na sha ruwa. Har yanzu kofi biyu nake ɗaukowa, sai na zauna in tuna.

Ki gaishe da Hajiya.

Mijinki,
Uwais


Gwange, Maiduguri
Laraba, 5 ga Maris

Maman Bintu,

Sallama da fatan alheri. Na ga saƙonki, na ji daɗi tarin Bintu ya yi sauƙi. Kin ce in kira ki maimakon in ɗauki hoton takarda in turo. Ki yi haƙuri, a waya ina yawan cewa ba komai.

Na gaya wa shugabar makaranta. Ta ce in cire jadawalin a hankali in sa sabo, ba wanda zai lura, kuma iyaye ba sa son jin malami ya yi kuskure. Na ce a gidan jarida ƙaramin gyara muke sawa a shafi na bakwai bayan mun buga kuskuren a shafin farko, kuma ban taɓa son hakan ba. Na manna gyaran a allo, girmansa ɗaya da jadawalin, da sunana a ƙasa. A ofishin malamai yau an gaishe ni kamar yadda ake gaishe da mai zaman makoki, sannan kowa ya shiga duba takardunsa.

Bayan an tashi na hau keke napep zuwa kasuwar kifi ta Baga Road, na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na tambayi mutane. Dillalai tara na yi magana da su. Shida sun ce ƙwari na lalata musu bandar kifi kafin ta kai Kudu, kuma da za su sami wanda ya san adana kifi ba da maganin ƙwari ba, da sun riƙe shi hannu biyu. Wani dattijo Babarbare ya tambaye ni ko gwamnati ce ta aiko ni. Da na ce malamin makaranta ne, sai ya ce to in rubuta da kyau, tunda mu ne muke kai yaransu ofis su dawo ba su iya ɗaure kwali ba. Tara ba adadi ba ne, na sani. Amma ko ɗaya ban ƙirga sau biyu ba.

Daga nan na je gidan su Dorothy. Mahaifinta tsohon malamin firamare ne. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tuna azumi ake, ya sa aka mayar, ya ba ni haƙuri. Na shimfiɗa littafin na yi bayani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wata biyu ya yi yana lallashin Rebeka ta haƙura, don malami ya zo da alƙaluma. Yanzu kuma malamin ya dawo da wasu. Ya tambaya ko waɗannan ma za su sauya baɗi. Na ce mai yiwuwa ne.

Dorothy tana tsaye bakin ƙofa. Da aka ce ta yi magana, ta ce, "Malam, ni dama ban gane jadawalin ba. Da kai na yarda."

Na rufe littafin. Mahaifin ya ce zai kwana da maganar.

A hanya na so in biya wajen wani in faɗa masa. Na bi sunayen wayata har ƙarshe, na mayar da ita aljihu.

Naki kullum,
Uwais


Gwange, Maiduguri
Juma'a, 7 ga Maris

Maman Bintu,

Barka da Juma'a. Allah ya sa kun wuni lafiya, ya ba ki sa'a a gwajin gobe.

Mista Dzarma ya amince jiya da yamma. Bai kira ni ba, Rebeka ya aiko. Ita ta kai Dorothy cibiyar rajista yau da safe, ta ce ba sai na shiga ba, don haka na tsaya ƙarƙashin darbejiya a tsallaken titi. Layin ya kai har kwanar titi, intanet ɗin yana zuwa yana tafiya. Na je masallaci na dawo suna nan.

Da suka fito Dorothy ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa malamin wata makaranta. Wata biyu ke nan rabonta da littafin sinadarai, ga jarrabawa saura mako bakwai. Na ce zan nema mata mai koya mata. Rebeka ta ce sun riga sun samu.

Shugaba ta ce in same ta ofis ranar Litinin. Ba ta faɗi dalili ba.

Ki sumbaci Bintu, ki faɗa mata kwana nawa ya rage salla, ni ma ina ƙirgawa.

Mijinki,
Uwais

Ƙari: An tura gyaran da ƙarfe uku da minti ashirin, amma ba a ba su takardar shaida ba, injin bai fitar ba. Na duba shafinta na rajista kafin magariba. Darasin gwamnati yake nunawa. Mai cibiyar ya ce idan ya shiga, ranar Litinin zai sauya.