Jirgi ya tashi ya bar Hajiya, ni kuwa ina dariya

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Masu zagi ku dakata ku ji ƙarshe, na riga ku zagin kaina.

Ina zaune a garin Laurel a Amurka, aikina kula da tsofaffi. Sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya, har yau in zan karanta Turanci sai na bi da yatsa. Ɗana, mu kira shi Sadiq, zai auri 'yar wata Hajiya, matar likita a Fort Washington. Yaran suka biya mana doguwar tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa daga Baltimore, wai iyaye mata su saba kafin biki. Wane sabo? Tun cin abincin farko ta miƙo min takardar zaɓen abinci a gaban Turawa ta ce, "Maman Sadiq, karanta mana, mu ji ko makarantar tsufa ta yi rana." Kullum kuma da sabon wulaƙancin da za ta ɓullo da shi.

Ranar da muka tsaya a wani tsibiri, ma'aikata suka yi ta nanata cewa a bi agogon jirgi, na garin yana baya, kuma ba sa jiran kowa. Hajiya tana kan waya, ba ta ji ba. Muka shiga kasuwa, ga zafi, ga kiɗa, ga ƙaurin gasasshen kifi. Ta lafe a shagon gwal tana ciniki. Na ce zan koma jirgi. Ta duba wayarta, wadda ta riga ta juya da kanta zuwa lokacin garin, ta ce, "Ƙauyanci dai! Da sauran lokaci. Je ki, kar dai ki ɓata." Bakina ya buɗe zai faɗa mata, na rufe shi. Na ce, "To Hajiya, a yi ciniki lafiya."

Aka yi ta kiran sunanta a lasifika, ina zaune ina shan lemo. Jirgi na fara ja baya sai ga ta a guje, takalmi ƙafa ɗaya, mayafi na jan ƙasa, ledoji na zubewa. Mutane suka cika saman jirgi suna tafi suna ɗauka a waya. Ni ma na leƙa na ƙwala, "Gudu, matar likita! Karanta mana agogo!" Wallahi na yi dariya har da hawaye. Sai da na koma ɗakin da muke kwana ni da ita na buɗe firij na ga allurarta ta ciwon suga. Ni da nake yi wa tsofaffi wannan allurar kullum, zan ce ban san abin da rashinta ke yi ba? Ashe sugan ya tashi ta suma a can tsibirin, a asibitin garin ta farfaɗo, saura ƙiris ta tafi.

Na shaida wa kowa cewa na roƙi ma'aikata su jira ta har da kuka. Hajiya ta yarda, ta aiko min da atamfa, yanzu "'yar'uwata" take ce min. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekaranjiya Sadiq ya shigo riƙe da waya: wani Bature ya sa bidiyon a intanet, muryata tana fita tar da Hausa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mama, ko ki je ki faɗa mata da bakinki, ko in fasa auren. Ba zan zauna da 'yarta ina ɓoye wannan ba."

In na faɗa, likita ba zai ba mu 'yarsa ba. In na yi shiru, ɗana zai fasa. Abin da ya fi tayar min da hankali, da ya fita na sake kallon bidiyon ni kaɗai, dariya ta sake kuɓuce min.

Jama'a, me zan yi?